Jaririyar da fatarta ke saluɓewa: wace rayuwa ke gabanta, me za a yi mata a gida?

Ungozomar Mokoyo

Assalamu alaikum. Likitoci da sauran ma'aikatan lafiya, a taimaka da haske. Akwai jaririya a unguwarmu, yau kwananta biyar. An haife ta babu fata a ƙwaurin ƙafa ɗaya, jan nama kawai, kuma duk inda hannu ya riƙe ta sai wurin ya yi bororo, ya fashe, ya saluɓe. Har cikin baki akwai, shi ya sa mama ma da kuka take kamawa. Iyayen ɗan wa da ƴar ƙane ne, kuma ɗansu na fari ya koma da irin wannan ciwo tun bai fara zama ba. Likitan yara ya ce sunan abin EB, wato epidermolysis bullosa, kuma gado ne.

Dangin miji sun rabu biyu, wasu na cewa kuturta ce, wasu na cewa jifa aka yi wa uwar tana da ciki. Jibi suna, an ma riga an gaya wa wanzami. In Allah ya raya yarinyar nan, wace irin rayuwa ke gabanta? Me za a yi mata da abin da ake samu a nan Maradi? Sannan yaran da fatarsu ke yin ɓawo mai kauri yana zuba, ciwonsu ɗaya da wannan?

Likitan Fata

Wa alaikumus salam, Inna. Allah ya ba ta sauƙi, ya ba iyayen juriya.

Jariri mai bororo, abin da ake fara kawarwa shi ne ciwukan da ke warkewa da magani: ƙwayar cutar stafilokok mai saluɓe fata, da tunjere da ake ɗauka daga uwa, da hafis, wata cutar bairos mai fitar da ƙuraje masu ruwa. Amma an haife ta da ciwon, shafa kawai ke tayar da shi, ga kuma ɗan'uwanta da ya rasu da irinsa, maganar likitan yaran tana kan hanya.

Fata hawa biyu ce, na sama da na ƙasa, kuma akwai wasu furotin da ke ɗaure su. Mai EB an haife shi ɗaya daga cikin furotin ɗin nan babu shi ko ya lalace, sai fatar ta zama kamar yaɓen siminti a jikin ginin ƙasa, ƙwanƙwasa kaɗan ya ɓamɓare. Ƙididdigar Amurka ta nuna ana samun kusan jariri ɗaya cikin haihuwa 50,000. Yadda rayuwar za ta kasance ya dangana da inda rabuwar take.

Mafi yawan masu ciwon, kusan kashi 70 cikin 100, nasu a hawan sama yake. Bororon ya fi fitowa a tafin ƙafa da hannu, yana warkewa ba tabo, yana tsananta da bazara. Waɗannan suna girma, su yi karatu, su yi aure, sai dai tafiyar ƙasa a watan Afirilu da Mayu azaba ce gare su. Akwai wanda rabuwar take a tsakiya. Mai tsananinsa yana taɓa maƙogwaro, muryar jariri ta dushe, ya ƙi ƙiba, kuma yawanci ba sa wuce shekara ɗaya ko biyu. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, amma gara iyaye su ji ta daga bakin likita. Na uku kuwa rabuwar tana can ƙasa, inda furotin mai suna kolajin na 7 yake, kuma kowane ciwo yana barin tabo. Tabo kan tabo ne ke manne yatsu har hannu ya dunƙule, farce ya zube, baki ya ƙi buɗuwa sosai, hanyar abinci ta tsuke. Masu wannan ne aka fi yi wa kallon kutare. A makonnin farko ido kaɗai ba ya raba nau'o'in nan, don haka kada kowa ya yanke wa yarinyar hukunci yanzu.

Batun kuturta, a gaya wa dangi ƙarara: ba a haihuwar jariri da ita, ƙwayar cuta ce mai ɗaukar shekaru kafin ta bayyana, kuma tana kashe jin zafi a wurin da ta kama. Mai EB kuwa yana jin kowane ciwo. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ga asibitin Danja nan kusa, sun san kuturta ciki da bai. EB ba ya yaɗuwa ta taɓawa, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko nono.

In kika tambayi manyan masu ciwon abin da ya fi cin rayuwarsu, ba kamannin fatar suke fara faɗa ba. Zafi ne kullum, da ƙaiƙayin da ke hana barci, wanda susarsa ke buɗe sabon ciwo, da awa biyu ko uku na wanka da naɗi, da warin gyambo da ke sa mutane ja da baya. Likitocin fata suna auna wannan da tambayoyi 10 da aka tsara a Kadif ta Birtaniya a 1994, makinsu daga 0 zuwa 30, kuma wanda ya haura 10 ciwon ya danne rayuwarsa ƙwarai. Akwai irinsu na yara, akwai na iyali, domin uwar da ke wankin ciwon ita ma ciwon yana cinta. Duk abubuwan nan huɗu ana iya rage su a gida, shi ya sa na fi damuwa da hannun da zai riƙe ta a kan neman maganin warkarwa.

Mai Wankin Ciwo, Zariya

Inna, tunda jibi suna, bari in fara da wanzami. Kada aska ta hau kan yarinyar nan. In ana son cika sunna, a rage gashin da almakashi ba tare da an taɓa fata ba. Cire beli, tsaga, hujin kunne, gashin cibiya da tsumma mai zafi, duk a bar su. Beli ma dai shi ne mafi haɗari, don bakin da ke da bororo in aka sa masa ƙarfe jini da tabo za su hana ta shan mama. Ranar suna kuma kada ta zaga hannun ƴan barka. Mutum biyu ko uku da aka koya wa ɗauka, su kaɗai.

Ɗaukar kanta: ba a cusa hannu a hammata. A mirgina ta gefe, a sa tafin hannu ɗaya ƙarƙashin ɗuwawu, ɗaya a bayan wuya da kai, a mirgino ta kan hannun, sannan a ɗaga. Ya fi sauƙi a ɗauke ta tare da ɗan matashi mai laushi. Dannawa a hankali ba ta cika yin ɓarna ba, ja da gogayya ne ke saluɓe fata. Goyo da majanyi ya haɗa gogayya da gumi da zafi, don haka a haƙura da shi. Riga ta auduga mai laushi, a juya ta bai ɗinki ya koma waje, a cire lamba da roba. Famfas a yanke robar cinyarsa, a shafa basilin a bakinsa, ko a shimfiɗa tsumma mai laushi a ciki.

Bororo kuwa, a nan ake yawan kuskure, saboda an saba jin cewa ba a fasa na ƙuna. Na EB dole a fasa shi, domin ba shi da iyaka, ruwan yana ci gaba da raba fata har ƙaramin bororo ya cinye cinya. A duba jiki safe da yamma. A sami sabuwar allurar sirinji, a huda a gefen ƙasa, a fito ta ɗaya gefen, a danna da kwamfires, wato ƙyallen asibiti na rufe ciwo, a hankali ruwan ya tsiyaye. Fatar saman a bar ta a wurin, ita ce murfin ciwon.

Ruwan wanka: zallan ruwa yana yi wa buɗaɗɗen ciwo raɗaɗi, ruwan da gishirinsa ya yi daidai da na jiki ba ya yi. Gram 9 na gishiri a lita ɗaya, wato cokalin shayi ɗaya da rabi. Bokitin lita 10 zai ci gram 90, kusan cokalin cin abinci 5. A tafasa ruwan, a bar shi ya huce ya zama ɗumi-ɗumi. Jaririya sabuwa ba sai an tsoma ta duka ba, a yi gaɓa ɗaya a naɗe, sannan a koma ta gaba, don kada ta yi ta shure-shure ƙafa ta goge ƙafa. Ba soso, ba goge jiki da tawul, dangwalawa ake yi. Minti 30 kafin a fara a ba da farasitamol, miligram 15 ga kowane kilo na nauyin yaro, kada ya wuce sau huɗu a yini. Na jaririya ƴar kwanaki likita ne zai auna.

Naɗi hawa uku ne. Na jikin ciwo, kwamfires da aka cika da basilin har ya jiƙe sharaf. A kansa busasshen kwamfires mai tsotse ruwa. Sannan bandeji, ba a ɗaure tamau ba. In kwamfires ya gagara, tsohon zanen auduga da aka wanke aka tafasa aka goge da dutsen guga yana yi. A yanka komai a jera kafin a kwance tsohon naɗin. Wanda ya manne a jiƙa shi da ruwan gishirin har ya saki da kansa. Tsakanin yatsun hannu da na ƙafa a ratsa siririn kwamfires mai basilin, kowane yatsa a naɗe shi daban, domin ɗanyen ciwo biyu in suka haɗu tare suke warkewa, daga nan mannewa ke farawa.

Filasta kada ta taɓa fatar ko kaɗan. A rubuta wannan a katin awonta da manyan baƙaƙe, a nuna wa duk wanda zai sa mata ƙarin ruwa ko ya ɗebi jini. Rigakafi kuwa a yi mata duka, sai dai kada a murza wurin allurar.

Garin kafso, toka, baƙin mai, man shafawar bilicin, duk suna ƙara ɓarna. In ciwo ya fara wari, mugunya ta ƙaru, gefensa ya yi ja da zafi, ko jiki ya yi zazzaɓi, ko ta ƙi mama, asibiti a ranar.

Hajiya Mai Awo

Malama ta gama da waje, ni ciki zan taɓa. Yaron da ke da buɗaɗɗen ciwo kullum yana zubar da furotin da ruwa da jini ta wurin, jikinsa kuma yana aikin gyara dare da rana, ga baki yana ciwo. Buƙata ta ƙaru, ci ya ragu. Tamowa da ƙarancin jini ta nan suke shigowa, kuma ciwon mai tamowa ba ya rufewa, kome kyan naɗi.

Nono ya fi komai. Uwa ta shafa basilin a kan nonon da leɓen jaririyar, ta tatso kaɗan ya fara zuba kafin ta ba ta. Bororon baki in ya yi girma ma'aikacin lafiya ya fasa shi. In kamawa ta gagara a tatsa a ba ta da ƙaramin cokali. A riƙa awo a kai a kai, in nauyi ya tsaya a kai ta sashen tamowa tun kafin ta rame.

Bayan wata shida, kunun gero da aka tace sosai, a zuba madara, da man gyaɗa cokali ɗaya, ko gyaɗar da aka niƙa lukwi, da ƙwai, da wake da aka cire wa ɓawo aka dama, da garin zogale. Kaɗan-kaɗan sau da yawa, kuma da ɗumi kawai. Ƙuli-ƙuli, ƙanzo, soyayyen abu mai ƙarfi da yaji suna yanka hanyar abinci. Babban yaro in ya fara daɗewa kan kwano, yana tara yawu, yana ƙwaruwa da tuwo, hanyar ce ta fara tsukewa, kuma ana buɗa ta a babban asibiti.

Abin da iyaye ba sa faɗa sai an tambaya shi ne bayan gida. Dubura tana tsagewa, yaro ya ji tsoro ya riƙe, kashin ya ƙara tauri. Maganin ƙarin jini ma yana ƙara taurin. Ruwa da yawa, gwanda, miyar kuɓewa, in bai isa ba likita ya rubuta mai laushin ciki.

Mai Farmasi, Sabon Gari

Inna, tambayarki ta ƙarshe. Masu ɓawo nasu daban ne, ana kiransa iktiyosis, amma shi ma mai tsananinsa gado ne daga uwa da uba. Sau da yawa ana haihuwarsu cikin wata fata mai sheƙi da ta ɗame jiki, idanu da leɓe a juye. Tana ɓarewa da kanta cikin mako biyu zuwa huɗu, ba a ɓare ta da hannu, kuma kwanakin nan a asibiti ya kamata a yi su saboda bushewar jiki da sanyi da ƙwayoyin cuta.

A garin nan yanayi biyu ne ke wahalar da su. Da hunturu fata tana tsagewa a gaɓoɓi da tafin ƙafa har jini. Da bazara kuwa ɓawon ya toshe ƙofofin gumi, zafi ya wuce digiri 40, yaro ba ya gumi, sai fuska ta yi ja, kai ya yi ciwo, ya galabaita, har ya suma. Ana ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne. A yi gwaji, amma tun kafin sakamako a kai shi inuwa, a jiƙa rigarsa, a ba shi ruwan randa, a yi masa fifita.

Aikin kullum: ya jiƙu cikin ruwa minti 20 zuwa 30, a murza ɓawon da tsumma mai laushi, a shafa mai cikin minti uku da fitowa jiki da sauran danshi, a ƙara shafawa aƙalla sau biyu a yini. Basilin da man kaɗanya duka suna yi. Mutane suna mamakin yawan da ake buƙata: yaro gram 250 zuwa 500 a mako. Ɗan kwalbar da ake lakata wata guda bai taɓa isa ba. Da bazara a rage kaurin basilin da rana, don yana riƙe zafi. Mai da ke da yuriya kashi 10 yana narkar da ɓawo, amma sai yaro ya shekara, kuma ba a kan tsaguwa ba. Mai sinadarin salisilik kada a shafa wa jariri, fata tana shanye shi ya zama guba. Kanwa kada ta shiga ruwan wanka.

Gargaɗi ga gidajen biyu, na EB da na ɓawo: tufa da bandejin da suka sha basilin suna kama wuta nan take. Jin ɗumi a bakin murhu da hunturu, da wasa kusa da gawayin shayi, a hana.

Idon da fatarsa ta juye yana son ɗigon hawayen roba da rana da man ido da dare. Kunne yana cika da ɓawo har ji ya ragu, a kai a share, ba da tsinke ba. Ƙafa in ta fara gwame a duba bitamin D. Akwai ƙwayar asitiretin mai rage ɓawo sosai, sai dai tana nakasa ɗan tayi, macen da ta sha ba ta ɗaukar ciki sai bayan shekara uku da dainawa, kuma ana bin hanta da gwajin jini. Ba abin saye a tebur ba ne.

Mushe na Tibiri

Likita ya ambaci ja da baya da mutane ke yi. A lakwal wannan ne ke korar yaran, tun kafin ciwon ya kore su. Ƙwaƙwalwarsu lafiya lau take, kuma wanda ba zai iya noma ko dako ba, karatu ne sana'arsa. Uba ya je ya ga darakta da malamin aji kafin ranar farko, da takardar likita mai cewa ba ya yaɗuwa. Malami ya yi wa aji bayani sau ɗaya, ya gaisa da yaron a gabansu, ya hana sunan tsokana tun ranar da ya fara jin sa. Wurin zama kusa da taga, da matashi a kan benci, da izinin shan ruwa. Ba bulala, ba durƙuso, ba shara cikin rana. Ya fita kafin turereniyar tashi. Biro a naɗa masa soso, in hannu ya gaji a yi masa tambaya da baki. Makarantar allo ma haka, tabarmar kaba tana goge gwiwa, a shimfiɗa masa bargo.

Sannan uwa. Mace ɗaya ba za ta iya wankin ciwo na awa biyu, ga daka, ga girki, ga raino ba. A koya wa uba da kaka ko ƙanwar uwa tun yanzu, don ranar da ta kwanta ciwo ko ta sake haihuwa kada aikin ya tsaya.

Ungozomar Mokoyo

Allah ya saka da alheri, an fasa kiran wanzami. Likita, saura biyu. Ana zuga mijin ya sake ta ya auri wata ƴar'uwarsa, wai jinin matar ne. Kuma wani ya ce Turawa sun samo magani.

Likitan Fata

Inna, iyaye lafiyayyu da suka haifi biyu masu ciwon, kusan tabbas kowannensu yana ɗauke da ƙwayar gadon guda ɗaya, kamar yadda ake gadon sikila. Rabi daga uba ya fito. Kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da ciwon, uku cikin huɗu lafiya, kuma cikin baya ba ya rage wa na gaba komai. In ya saki wannan ya auri wata daga zuriyar kakan nan ɗaya, tana iya zama mai ɗauke da ita, a koma gidan jiya. Ƴaƴansu lafiyayyu ma biyu cikin uku masu ɗauke da ita ne, don haka in sun girma auren bare ya fi musu. Haihuwa ta gaba a yi ta a asibiti, a sanar da masu karɓa tun a awon ciki.

Maganin gaskiya ne akwai. A 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Vyjuvek, wanda ake ɗigawa a kan ciwo sau ɗaya a mako yana kai wa fata ƙwayar gadon kolajin na 7, kuma Tarayyar Turai ta amince da wani man shafawa mai suna Filsuvez a 2022. Suna taimaka wa ciwo ya rufe, ba sa cire gadon, Vyjuvek nau'i mai tabo kaɗai yake yi wa aiki, kuma tsadarsu ta fi ƙarfin iyali nesa ba kusa ba. Duk wanda ya ce a kawo kuɗi yana da mai warkarwa, kada a sayar masa da akuya. Kuɗin su tafi ga basilin da kwamfires da madara. Ƙungiyar DEBRA, wadda iyayen masu EB suka kafa a Ingila a 1978, tana da jagororin kulawa kyauta a intanet, ma'aikatan da ke bin yarinyar su nema.

In nata ya zama mai tabo, akwai abin da za a riƙe don gaba. Masu tsananinsa suna kamuwa da kansar fata tun suna samari, ita ce kuma ta fi kashe manyansu. Daga shekara 10 likita ya duba fatar duka, an kwance naɗi, kowane wata uku zuwa shida. Ciwon da ya wuce mako huɗu bai rufe ba alhali irinsa yana rufewa, ko ya yi tudu, ko ya zurma gefensa ya ɗaga, ko mai shi ya ce zafinsa daban ne, a yanki ɗan nama a kai awo. Yanzu dai a kawo ta a mako mai zuwa a auna nauyi, a duba baki da murya, kuma wanda zai riƙa taya uwar naɗi ya biyo su.